Kalmomin Wuri Daga Turanci Zuwa Harshen Denmak: Tambayoyi da Amsoshi

Bahaushen da ya zauna koyon harshen Denmak, wanda masu shi ke kira *dansk*, galibi ta ƙofar Turanci yake shiga. Ƙamus ɗin da ke hannunsa na Turanci ne, manhajar da ke wayarsa ta Turanci ce, malamar aji ma in ta ga an yi zuru sai ta juya zuwa Turanci. Ba laifi, harsunan biyu dangin juna ne. Inda ake samun cikas shi ne ƙananan kalmomin nan masu nuna inda abu yake ko inda ya nufa. Ga tambayoyin da suka fi damun masu koyo a kansu.

Me zai hana a ba mu jeri kawai, kowace kalmar Turanci da takwararta?

Jerin yana nan, kuma ba shi da tsawo. *In* shi ne *i*, *on* shi ne *på*, *to* shi ne *til*, *from* shi ne *fra*, *under* da *over* kuwa ko rubutunsu bai canza ba. Kamannin yana da asali: tushensu ɗaya da Jamusanci, ga kuma zaman da mutanen Denmak suka yi a gabashin Ingila tun ƙarni na 9, wanda ya bar kalmomi da dama a bakin Turawan Ingila.

Sai dai jerin nan rabin hanya zai kai ka ya sauke ka. Bature ya ce yana *on the bus*, ɗan Denmak ya ce *i bussen*, cikin bas, yadda mu ma muke faɗa. Bature ya ga mutum *in the picture*, ɗan Denmak ya gan shi *på billedet*. Abin da aka nuna *on TV* an nuna shi ne *i fjernsynet*. Yaran da ke wasa *in the street* suna *på gaden*. Tauraro yana *på himlen*, a sararin sama. Wanda aka ce yana *i himlen* kuwa ya riga mu gidan gaskiya, aljanna ake nufi.

Kafin ɗan Denmak ya faɗi inda abu yake, harshensa na tilasta masa ya lura da abubuwan da Turanci bai cika damuwa da su ba: abin yana tafiya ne ko ya riga ya isa, wane irin wuri ne, kuma a tsaye yake ko a kwance. Hausa ta damu da biyu daga cikin waɗannan. Shi ya sa sau da yawa wanda ya tambayi kansa "yaya zan faɗa da Hausa?" ya fi wanda ya kama kalmar Turanci saurin dacewa.

To mene ne bambancin *i* da *på* a taƙaice?

*I* ciki ne, wurin da ke kewaye da kai. *På* bisa ne, shimfiɗar da kake kanta. Kuɗi na *i lommen*, cikin aljihu. Littafi na *på bordet*, kan tebur. Hoto na *på væggen*, jikin bango. Wannan ba ya ba kowa wahala. Ka lura kuma da wutsiyar da ke jikin sunayen: *bord* tebur ne, *bordet* teburin, *bil* mota, *bilen* motar. A ƙeya suke liƙa abin da Bature ke sa wa *the* a gaba, kamar dai mu.

Wahalar tana farawa ne in an bar aljihu da tebur aka shiga sunayen ƙasashe, unguwanni da ma'aikatu.

Na ji ana cewa *i Jylland* amma *på Fyn*. Ba duka yankunan ƙasa ɗaya ba ne?

Ƙasa ɗaya ce, amma Fyn tsibiri ne, Jylland kuwa a manne yake da Jamus. Ƙasashe, birane da manyan yankuna *i* suke ɗauka: *i Danmark*, *i København*, *i Nigeria*, *i Niger*, *i Kano*. Tsibiri kuwa kansa ake hawa: *på Sjælland*, *på Fyn*, *på Bornholm*, *på Lolland*. Denmak na da tsibirai masu suna sama da 400, babban birninta Kopenhagen ma a kan tsibiri yake, don haka wannan ba ƙa'idar da za a ajiye sai wata rana ba ce. Mutumin Odense yana zaune *i Odense på Fyn*, duka biyun a jimla guda. Har wasu yankunan da ruwa bai gama zagaye su ba sun bi sahun tsibirai, kamar *på Djursland*.

Rigimar tana wajen tsibirin da kuma ƙasa ne. Aislan ta zama jamhuriya mai cin gashin kanta a 1944, bayan doguwar alaƙa da masarautar Denmak. Girinlan ta samu mulkin cikin gida a 1979, aka faɗaɗa shi a 2009. Tsofaffi da yawa har gobe *på Island* da *på Grønland* suke cewa, yadda suka taso suka ji. Amma akwai masu jin cewa *på* na mayar da ƙasar tamkar wani tsibirin Denmak, saboda haka *i Island* da *i Grønland* suka yaɗu, musamman a rubutun hukuma da na jarida. Shawarata ga baƙo ita ce ya riƙe *i* ga waɗannan biyun. Ba wanda zai ji haushinsa. Tsibiran Faro kuwa *på Færøerne* ake cewa. Manyan ƙasashe irin su Japan da Ostireliya ba a ma tsayawa tunani, *i* ne.

Unguwanni da tituna fa?

A Kopenhagen, unguwannin da sunansu ya ƙare da *-bro* duka *på* ne: *på Nørrebro*, *på Vesterbro*, *på Østerbro*. Haka ma *på Frederiksberg*, *på Christianshavn*, da *på Amager*, wanda shi dama tsibiri ne. Amma *i Valby*, *i Vanløse*. Wanda ya ce *i Nørrebro* za a gane shi sarai, za kuma a gane cewa bai daɗe da sauka ba.

Tituna wutsiyar sunansu ake dubawa. Mai ƙarewa da *-gade* ko *-stræde*, irin titin cikin gari da gidaje suka sa a tsakiya, *i* yake so: *i Istedgade*. Mai ƙarewa da *-vej*, *-plads* ko *-torv* kuwa *på*: *på Jagtvej*, *på Rådhuspladsen*. Sannan manyan titunan unguwannin *-bro* suka bi iyayensu suka karya dokar: *på Nørrebrogade*, *på Vesterbrogade*.

Malam, akwai wata dabara ta sanin ma'aikatar da ke ɗaukar *i* da wadda ke ɗaukar *på*?

Dabarar da ba ta ɓaci, babu. Mutum yana *på arbejde*, *på kontoret*, *på hospitalet*, *på apoteket*, *på universitetet*, *på biblioteket*, *på stationen*: wurin aiki, ofis, asibiti, kantin magani, jami'a, laburare, tasha. Amma yana *i skole*, *i banken*, *i supermarkedet*, *i lufthavnen*, *i kirken*, *i moskeen*: makaranta, banki, babban kanti, filin jirgin sama, coci, masallaci. Me ya raba banki da kantin magani? Al'ada ce kawai. Masu neman hikima a ciki suna ɓata lokacin da ya kamata su yi hadda da shi. Ka haddace kowane suna tare da 'yar kalmarsa, kamar sunan mutum da na mahaifinsa.

Cikin gida ma haka abin yake. *I køkkenet* a kicin, *i stuen* a falo, *i haven* a lambu, *i kælderen* a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Amma *på værelset* a ɗaki, *på badeværelset* a banɗaki, *på altanen* a baranda.

Akwai wuraren da sauya kalmar ke sauya zancen gaba ɗaya, su ne ya kamata a fi kiyayewa. Wanda ya zaga yana *på toilettet*. In ka ce yana *i toilettet*, ka jefa shi cikin masai ɗin. *På landet* a ƙauye ne, *i landet* a cikin ƙasar. *På loftet* ɗakin ajiya ne na ƙarƙashin rufi, *i loftet* kuwa jikin silin, inda fitila ke rataye.

Ita *at* ta Turanci, wace kalma ce takwararta?

Ba ta da guda ɗaya. Hanyoyi biyar ta rabu.

In kusa da abu ake nufi, *ved* ne: *ved bordet* a bakin tebur, *ved døren* a bakin ƙofa, *ved busstoppestedet* a matsayar bas. In ma'aikata ce ko gini, an koma *på* da *i* na sama. *At home* kalma guda ce, *hjemme*. In kuwa wurin mutum ne, sai *hos*, kuma a nan Bahaushe ya huta, don *hos* ita ce "wurin" ko "wajen" tamu ba ragi ba ƙari. *Jeg bor hos min bror*, ina zaune wurin ɗan'uwana. *Hun er hos lægen*, tana wajen likita. *Hos bageren*, wajen mai burodi. Kamfani ma kan ɗauke ta: *han arbejder hos LEGO i Billund*. Asalin kalmar daga *hus* ne, wato gida.

Abu biyu game da *hos*. Ba a tafiya da ita: mai zuwa ganin likita *til lægen* za shi, sai ya isa ya zama *hos lægen*. Sannan a Jylland za ka ji mutane da yawa na cewa *ved lægen*. Karin harshensu ne, ba kuskure kunnenka ya yi ba, amma a jarrabawa *hos* za ka rubuta.

Me ya sa wani lokaci *ind*, wani lokaci *inde*? Duka ba *in* ba ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma ita ce wadda Turanci ba zai taimake ka da komai a kanta ba. Bature *come in* yake cewa, ya kuma ce *he is in*, kalma ɗaya. Ɗan Denmak ya ce *kom ind*, shigo. Amma *han er inde*, yana ciki. Gajeriyar ta mai tafiya ce, mai *-e* a ƙarshe ta wanda ya riga ya isa.

Mu mun san wannan tun muna goye. Muna da zauna da zaune, kwanta da kwance, tsaya da tsaye. Wanda ya zauna ya yi motsi, wanda yake zaune motsi ya ƙare. Cewa harsunan biyu duk da wasalin *e* suke nuna hakan dacewa ce kawai, ba kaka suka haɗa ba, amma dacewa ce mai amfani: in da Hausa za ka ce "zaune", to mai *-e* kake nema.

Ga tagwayen da ake amfani da su kullum:

- *ind* da *inde*, ciki
- *ud* da *ude*, waje
- *op* da *oppe*, sama
- *ned* da *nede*, ƙasa
- *hjem* da *hjemme*, gida
- *over* da *ovre*, ƙetare
- *hen* da *henne*, can gefe
- *om* da *omme*, ta baya
- *frem* da *fremme*, gaba

Kada ka ɗauka aikatau ne ke yanke hukunci, wai in akwai gudu ko tafiya sai gajeriyar. Abin dubawa shi ne ko an tsallaka daga wani wuri zuwa wani. *Børnene løber ud*: yara na cikin gida, sun ruga waje. *Børnene løber ude*: dama a waje suke, suna ta guje-gujensu. Gudu ne duka, amma a na biyun ba wanda ya ƙetare ƙofa. Haka *jeg går hjem* na nufin na kama hanyar gida, *jeg går hjemme* kuwa na nufin zaman gida nake yi, ba na fita aiki. Wasali ɗaya ya raba mai tashi daga aiki da marar aikin.

A rubuce abin a fili yake. A baki kuwa 'yan Denmak hadiye wannan *-e* suke yi, sai ka rantse ba su faɗe shi ba. Abin da kunne zai kama shi ne *ind* da *ud* gajeru ne, da wata 'yar tsayawa a maƙogwaro da suke kira *stød*, mai kama da alhamzar cikin "sa'a" amma ta fi ta laushi. *Inde* da *ude* kuwa a miƙe suke fita, da ɗan ja.

Yaya ake cewa *here*, *there* da *where*?

*Her*, *der*, *hvor*. Harafin *h* na *hvor* ba a furta shi, haka ma na *hjem*. Su ma suna bin dokar tafiya da zama. *Hvor er du?* Ina kake? *Hvor skal du hen?* Ina za ka? *Hvor kommer du fra?* Daga ina ka fito? Mai kiran yaro ya matso *kom herhen* ko *kom her* zai ce. Suna kuma haɗuwa da tagwayen can su ba da *herinde*, nan ciki, *derude*, can waje, *deroppe*, can sama, *derovre*, can ƙetare.

Dubi *hvor skal du hen* da kyau, babu aikatau na tafiya a ciki. *Jeg skal hjem*, *jeg skal på arbejde*, *jeg skal i banken*. Bature ba ya iya wannan, sai ya sako *go*. Mu kuwa "za ni gida", "za ni banki" muke cewa, daidai wa daida.

*Der* na da wani aikin, shi ne "akwai": *der er en moské i nærheden*, akwai masallaci a kusa. In ana so a nuna cewa "can" ake nufi da ƙarfi, akan sa mata alama a rubuta *dér*. Sannan in ka fara jimla da wuri, aikatau ne ke biyo baya nan take: *her bor jeg*, nan nake zaune, ba *her jeg bor* ba.

Ƙasar a shimfiɗe take, me ya kawo yawan "sama" da "ƙasa" a maganarsu?

Gaskiya ne, tudun da ya fi kowane tsawo a Denmak, Møllehøj, bai wuce kimanin mita 171 ba. Taswira suke bi. Arewa sama ce, kudu ƙasa: *oppe i Skagen* (gari a ƙarshen arewacin Jylland), *oppe i Norge* (Norway), *nede i Tyskland* (Jamus). Abin da ruwa ya raba ku da shi *ovre* ne: mutumin Kopenhagen na da dangi *ovre i Jylland*, yana sayayya *ovre i Sverige*, wato Suwidin. Gadar Storebælt mai haɗa Sjælland da Fyn ta buɗe wa motoci a 1998, ta Øresund mai zuwa Suwidin a 2000, amma harshe bai fasa ƙetarewa ba. Tsakiyar gari ciki ne, *inde i byen*. Ƙauye da bayan gari waje ne, *ude på landet*, *ude i lufthavnen*. Wurin da ke nan kusa, ba hawa ba gangara, *henne* ne: *henne i skolen*.

In ka bar su jimlarka ba ta karye ba. *Han bor i Jylland* daidai ne. Sai dai magana ba tare da su ba takan fito a bushe, kamar ta takardar hukuma.

Na rubuta *bogen er på bordet*, malama ta mayar da shi *ligger*. Kuskure na yi?

Ba kuskure ba ne, ta dai so ki yi magana irin tasu. Inda Bature ke cewa *is*, ɗan Denmak ya fi son ya faɗi yadda abin yake: *ligger* a kwance, *står* a tsaye, *sidder* a zaune ko a maƙale, *hænger* a rataye. Littafi da wuƙa *ligger*. Kwalba, kofi da faranti *står*, don suna da gindin zama. Kwalbar ta faɗi, ta koma *ligger*. Makulli a jikin ƙofa *sidder*: *nøglen sidder i døren*. Riga a ƙusa *hænger*.

Garuruwa da gine-gine a kwance suke: *Aarhus ligger i Jylland*. Mai neman tasha *hvor ligger stationen?* zai tambaya. Rubutu kuwa a tsaye yake: *det står i avisen*, yana cikin jarida.

Nan ne kuma *put* ta Turanci ke tarwatsewa. Abin da zai kwanta *lægge* ake yi masa, wanda zai tsaya *stille* ko *sætte*, wato kwantar da tsayar da zaunar. Kada *ligge* da *lægge* su tayar miki da hankali. 'Yan ƙasar ma suna cakuɗa su, malamansu na ta fama.

Zan iya fassara *go to* da *gå til* ko'ina?

A'a. *Gå* tafiyar ƙafa ce. Wanda ya ce *jeg går til Aarhus* daga Kopenhagen ya yi alkawarin takawa har can. Kalmar yau da kullum ita ce *tage*: *jeg tager til Aarhus*. Doguwar tafiya *rejse*, ta mota *køre*, ta keke *cykle*.

*Til* ta garuruwa ce da ƙasashe da mutane. Ma'aikatu kuwa sukan riƙe kalmar da suke ɗauka a zaune: ana zuwa *på arbejde*, *i skole*, *i banken*, ana kwanciya da *gå i seng*. A yi hattara da *gå i byen*. A bakin matasan yau fita shaƙatawar dare ce, galibi da shaye-shaye. In sayayya ce za ta kai ka tsakiyar gari, *jeg tager ind til byen* ya fi tsafta.

Za ka kuma ci karo da *til fods* a ƙafa, *til bords* zuwa teburin cin abinci, *til søs* a teku. Wannan *-s* ragowar tsohon nahawu ne. A haddace su yadda suke, ba a ƙirƙirar sababbi.

Sauran fa, irin su *behind*, *in front of*, *between*?

Waɗannan ba su da rikici sosai. *In front of* shi ne *foran*, *behind* *bag* ko *bag ved*, *next to* *ved siden af*, *opposite* *over for*, *between* *mellem*, *among* *blandt*, *through* *gennem*, *along* *langs*, *towards* *mod*, *past* *forbi*, *near* *tæt på*, *far from* *langt fra*. Mai nuna hanya zai ce *til højre* dama, *til venstre* hagu, *ligeud* miƙe, *rundt om hjørnet* in ka sha kwana. *Upstairs* *ovenpå* ne, *downstairs* *nedenunder*. *Somewhere* *et sted*, *nowhere* *ingen steder*, *everywhere* *overalt*.

Wuri ɗaya ne Hausa za ta yaudare ka. Muna cewa bayan masallaci, muna cewa bayan la'asar, kalma ɗaya. Su sun raba: *bag moskeen* na wuri, *efter* na lokaci. Haka *foran* na wuri, *før* na lokaci.

Mene ne tsakanin *ud af* da *ud ad*?

"Daga" da "ta". *Ud af huset*, fita daga gida. *Ud ad døren*, fita ta ƙofa. *Af* na nuna inda aka baro, *ad* na nuna hanyar da aka bi: *ind ad vinduet* ta taga, *op ad trappen* ta matakala, *hen ad gaden* bin titi. A baki kusan sauti ɗaya suke fita, shi ya sa 'yan ƙasar da yawa ke rubuta *af* a inda *ad* ya dace. Bature da *out of* ɗinsa sai ya yi ta lalube. Kai ka fassara zuwa Hausa a zuci, amsa ta fito.

A haɗe ake rubuta *udenfor* ko a rabe?

In ba abin da ya biyo baya, a haɗe: *han står udenfor*. In suna ya biyo, tsohuwar ƙa'ida ta ce a raba: *uden for huset*. Tun 2012 ƙamus ɗin ƙa'idojin rubutu na hukuma ya yarda da duka biyun a wannan hali na biyu. Haka *indenfor*, *overfor* da *ovenpå*.

Akwai kalmomin da suka yi kama da Turanci amma ma'anarsu daban?

Akwai, kuma ƙananan ne suka fi cizo. *By* a harshen Denmak gari ne. *To* biyu ne. *At* ba ta da alaƙa da wuri, ita ce ke zuwa gaban aikatau, ko ta tsaya a matsayin "cewa". *Her* nan ne, ba mace ba. *Bag* baya ne, ba jaka ba. *Sky* girgije ne. *Under* na nufin ƙarƙashi, tana kuma nufin "a lokacin": *under ramadanen*, cikin azumi. *Place* ta Turanci yawanci *sted* ce. *Plads* da ta yi kama da ita fili ne, ko dandali, ko mazauni, kamar a *er der plads?*, akwai wuri?

A ina zan duba in na yi shakka?

Kada ka nemi *på* ko *i* a ƙamus, shafi guda za a zubo maka ka fita da ruɗani fiye da wanda ka shiga da shi. Sunan wurin za ka nema, ka karanta misalan da ke ƙarƙashinsa. Ƙamus ɗin Den Danske Ordbog na nan kyauta a intanet, da misalai da kuma sautin furuci. Hukumar kula da harshen, Dansk Sprognævn, wadda aka kafa a 1955, tana amsa tambayoyin jama'a kan irin waɗannan; a 2019 ofishinta ya koma zama *i Bogense på Fyn*. Manhajar fassara kuwa cikakkiyar jimla za ka ba ta. In ka jefa mata *at* ita kaɗai, ba ta da yadda za ta san wace daga cikin biyar ɗin kake nufi.

An turo min adireshi mai *3. th.* a ƙarshe. Me ke nan?

Hawa na uku, ƙofar dama. Sunan titi ne ke fara zuwa, sai lambar gida, sai hawa, sai ɓangaren da ƙofar take: *th.* shi ne *til højre*, dama, *tv.* shi ne *til venstre*, hagu, ba talabijin ba, *mf.* shi ne *midt for*, ta tsakiya. Hagu da dama na mai hawowa ne in ya iso kan matakala yana fuskantar ƙofofin. *St.* na nufin *stuen*, wato ƙasa, kalmar nan dai da ke nufin falo. *1. sal* bene na farko ne bayan an hau matakala, irin lissafin Ingila, ba na Amurka ba, don haka mai zuwa *3.* sau uku zai hau. Ana zama *i stuen* amma *på tredje sal*. A layi na ƙarshe lambar gidan waya mai alƙaluma huɗu ce ke gaba da sunan gari: 2200 København N ta Nørrebro ce, 5000 Odense C tsakiyar Odense, 8000 Aarhus C tsakiyar Aarhus. Sunan mai gidan yakan kasance a jikin maɓallin ƙararrawa a ƙofar ƙasa. Ka danna, in ka ji an ce *kom op*, ka tura ƙofa ka hau.